Neman Burtu a Ƙasar Gwanja: Nasiha ga Matasan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa Masu Sha'awar Fita Kallon Tsuntsaye

Kallon tsuntsaye, a ma'anar da masana halittu ke nufi, shi ne fita da niyyar ganin tsuntsayen da ke rayuwa a sake, da tantance jinsin kowanne ta kamanninsa da kukansa da ɗabi'arsa, sannan a rubuta abin da aka gani tare da wuri da rana, ba tare da an harbi tsuntsun ko an ɗana masa tarko ba. A Turai da Amurka al'adar ta yi ƙarfi har ta haifar da wani reshe na yawon buɗe ido, inda abokai huɗu ko biyar kan haɗa kuɗi su ƙetare teku domin ganin tsuntsayen da babu irinsu a ƙasarsu, kuma tun da wayar hannu ta kawo hotunan irin waɗannan tafiye-tafiye har ɗakunan samari a kudancin Katsina, ba abin mamaki ba ne a sami waɗanda sha'awar hakan ta kama. Sha'awar ba ta da aibi, sai dai abin da zai fitar da ɗan Faskari daga gida ya sha bamban da abin da ke fitar da Bature, domin shi Bature baƙin tsuntsaye yake nema, shi kuwa ɗan wannan yanki, idan ya natsu, zai tarar cewa mafi yawan abin da zai je gani a waje tsuntsayen ƙasarsa ne da halin da ake ciki ya raba shi da su.

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ke da ɗan majalisar wakilai ɗaya a Abuja, suna ɓangaren Jihar Katsina da ya fi samun ruwan sama, inda ɗorawa da kaɗanya da maɗaci da tsamiya ke tsaye a gonakin masara da dawa da auduga, ga kuma duwatsu da fadamu a tsakani. Dazuzzuka manya ne suka kewaye yankin: Rugu daga arewa, Kogo a ƙasar Faskari, Kuyambana a Zamfara, sai Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanya Kogo cikin dazuzzuka goma da ta amince a ɗaga zuwa wannan matsayi, amma a daidai lokacin, a daren 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka shige daji da su. Saboda haka nasiha ta farko ba ta buƙatar dogon bayani: babu tsuntsun da ya cancanci matashi ya bi shi cikin waɗannan dazuzzuka a yau, ko da an ce an yi sulhu a ƙauyen da ke bakin dajin, domin sulhun da manomi ke dogara da shi ya je gonarsa bai shafi baƙon da ke yawo da tabaron hangen nesa ba.

Abin da rufewar dajin ta jawo shi ne an sami tsara guda da ta san wasu tsuntsaye a baki kawai. Burtu ya isa misali. Baƙin tsuntsu ne babba mai dogon baki da wani ƙaho a tushen bakin, wanda ke yini yana takawa a ƙasa yana tsintar fara da ƙadangare da maciji, namijin da jar fata a maƙogwaro, macen da shuɗiya, kuma ba a ganin farin da ke fikafikansa sai ya tashi. Mafarautan ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗaura sassaƙen kansa a goshi suna rarrafe cikin ciyawa domin namun daji su sake da su, abin da ke nuna cewa a da tsuntsun ya yawaita har dabbobi ba su ɗauke shi abin tsoro ba. Burtu na buƙatar tsofaffin itatuwa masu kogo domin yin ƙwai, ga shi kuma ba ya hayayyafa da sauri, don haka sare manyan itatuwa domin gawayi da katako ya fi cutar da shi fiye da yadda yake cutar da kurciya ko hasbiya. Wurin da matashi zai iya tsayawa cikin natsuwa ya kalle shi a yau shi ne irin gandun dajin Mole da ke arewacin Gana, wanda ya haura murabba'in kilomita 4,500, aka kuma ƙidaya jinsunan tsuntsaye fiye da 300 a cikinsa, kuma itatuwansa da ciyayinsa dangin na Kogo da Kamuku ne. Mole na cikin ƙasar Gwanja, wato inda fataken Hausawa suka yi ƙarnuka suna zuwa sarin goro a kasuwar Salaga, kuma har yau Hausa na biyan buƙatar matafiyi a zangunan Tamale da Kumasi.

Haka zancen yake ga gauraka, mai tukku kamar zinariya, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar Nijeriya ta ƙasa alhali ta kusa ƙarewa a cikinta saboda kamu da bushewar fadamu, har ya zama sai a wurare irin su gandun Zakuma na Cadi ko dausayin Senegal ake samun tabbacin ganin garkenta. Ita ungulu ma, wadda dattawa suka saba gani jere a kan rumfunan mahauta, ta ɓace daga yawancin kasuwannin Arewa saboda guba da cinikin sassan jikinta, kuma a 2015 ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sanya ta tare da wasu danginta uku na Afirka a mataki na ƙarshe kafin ƙarewa a daji. Matashin da ya sauka a Gambiya ya ga ungulaye na shawagi a kan gari zai fahimci girman abin da aka rasa a gida fiye da yadda kowane malami zai iya fahimtar da shi a aji.

To amma ido ba ya ganin abin da bai koya ba, kuma wanda ya isa Mole bai san bambancin shirwa da shaho ba kuɗinsa kawai ya kashe. Koyon yana farawa ne a cikin gari, a harabar makaranta da bakin kududdufi da gonakin da ke jikin gidaje, inda balbela da hankaka da cilakowa da carki da zalɓe da tsattsewa ke nan kullum ba wanda ya kula da su. Abin da ake horar da ido a kai shi ne girman tsuntsu idan an gwada shi da wanda aka sani, da siffar bakinsa, da tsawon wutsiya da ƙafa, da yadda yake kaɗa fiffike, kafin a zo ga launi, domin launi na yaudara a cikin hazo ko idan rana na bayan tsuntsun. Shekara guda cikakkiya ita ce mafi ƙarancin wa'adin wannan karatu, saboda tsuntsayen wuri ɗaya suna sauyawa da yanayi. Shamuwa, alal misali, tana isowa gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ta ci fara da tsutsar gona, sannan ta bar ƙasar bayan ɗaukewar ruwa ta nufi gabashi da kudancin Afirka, kuma ranar da aka fara ganin ta a kowace shekara bayani ne mai daraja idan an rubuta shi shekaru a jere. Da kaka kuma wasu baƙin ke sauka daga arewa, domin masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke ƙetare Sahara daga Turai kowace shekara su yi rani a Afirka. Alaƙar ɓangarorin biyu ta fito fili a 1969, lokacin da masu ƙidaya a Ingila suka ga fiye da kashi biyu cikin uku na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo ba, aka bincika aka gano cewa farin da ya fara a yankin Sahel ne ya hallaka su, wato tsuntsaye sun kai labarin farin zuwa Turai shekaru kafin duniya ta farga da yunwar da ta biyo baya a farkon shekarun 1970.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tabaron hangen nesa, wanda ake rubuta lambobi biyu a jikinsa kamar 8x42, ta farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita, kuma wannan awo ya ishi mai koyo, abokai uku ma na iya karɓa-karɓa da guda ɗaya. Akwai littafin tantance jinsi, wanda aka fi amfani da shi a wannan yanki shi ne na Nik Borrow da Ron Demey a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma. Sai ɗan littafin rubutu da fensir, waɗanda bai kamata a yar da su saboda waya ba, kuma mutanen da suka ga yadda aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina a Satumbar 2021, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ba su buƙatar a tuna musu dalili. Akwai kuma abin da babu shi a littafin Turawa, wato sanin tsofaffin mafarauta da makiyaya, waɗanda suka san sunan kowane tsuntsu da Hausa ko Fulatanci, da itacen da yake kwana, da watan da yake ƙwai. Da yawa daga cikinsu rikici ya koro su cikin gari suna zaune, kuma matashin da ya kai musu gaisuwa da littafin hotuna a hannu zai tashi da abin da ba zai samu a intanet ba.

Akwai wani haɗari da littattafan waje ba su ambata ba, wanda a wannan yanki ya fi maciji da ƙaya. A ƙasar da kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ke iya jawo wa mutum asarar rai kafin a yi bincike, saurayin da aka gani da sassafe a bayan gari yana leƙe da tabarau yana rubutu a takarda ya jefa kansa cikin zargi, kuma ba za a ga laifin wanda ya zarge shi ba. Maganin wannan shi ne a fito da al'amarin fili tun kafin a fara: a je wurin mai unguwa da dagaci a yi bayani, a sanar da jami'an tsaro da 'yan sintirin da ke kula da unguwar, a riƙa fita a ƙungiya ƙarƙashin wani malami da jama'a suka sani, a tsaya a wurare ƙalilan da aka ambata, a kuma bar littafin a buɗe ga duk wanda ya nemi gani. Ƙungiyar da ta jingina da makaranta ta fi wadda ta tsaya da kanta samun wannan amincewa, kuma ta nan ne 'yan mata masu sha'awa za su sami shiga da yardar iyayensu.

Rubutun da aka tara yana da inda ake kai shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ake kira APLORI, tana dajin Amurum kusa da Jos a ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma tun 2015 take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, ƙasar da ke da jinsuna fiye da 900. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, ana kuma son mai sa-kai ya yi aƙalla awa biyu yana dubawa a cikin gida ɗaya, ya jera duk jinsin da ya gani ko ya ji cikin kwanakin da ba su wuce biyar ba, ya aika ta manhajar BirdLasser. Yankin da baƙon mai bincike ba ya iya shiga sai ɗan gida ne zai cike gurbinsa, kuma wannan ne ya sa jerin da aka rubuta a bayan wata makaranta a Sabuwa zai iya fin wanda aka rubuta a Abuja amfani. Sharaɗin abin shi ne amana. Jarabar da ke kama mai kallon tsuntsaye, musamman a gaban abokai, ita ce ya ce ya ga abin da yake fata ya gani, ya mai da wata inuwa da ta gifta tsuntsu mai wuyar samu domin jerinsa ya fi na kowa tsawo. Wanda bai tabbatar ba sai ya rubuta siffar da ya gani ya bar gurbin suna a buɗe, domin suna ɗaya na ƙarya da ya shiga taswira zai iya ɓatar da mai bincike shekaru, kuma masu tace bayanan suna saurin gane mai ƙari, daga nan ko gaskiya ya kawo sai an yi shakka.

Kafin a ƙetare iyaka ya dace a gwada tafiyar cikin gida, ko zuwa Amurum, a tsaunukan da aka gano wani sabon jinsin ɗan jan tsuntsu mai zama a duwatsu wanda sai a 1998 masana suka ba shi suna, ko zuwa dausayin Haɗeja da Nguru da sanyin hunturu, lokacin da agwagin Turai ke haɗuwa da dinya da kirinjijiya. A irin wannan gajeriyar tafiya ake gane wanda ke iya tashi da asuba da wanda ba ya iyawa.

Zaɓen ƙasa kuwa ya danganta da aljihu da kuma abin da ake nema. Gana ta fi dacewa da mai neman tsuntsayen daji irin na gida. Gambiya, wadda faɗinta bai kai rabin Jihar Katsina ba amma aka ƙidaya jinsuna fiye da 500 a cikinta, ta fi dacewa da mai son ganin abu da yawa cikin mako ɗaya, a wurare kamar gandun Abuko da rafin Kotu. A arewacin Senegal akwai dausayin Juj, kusa da birnin Sanluwi, inda dubban kwasakwasa ke ƙyanƙyasa a tsibiri guda. Dukkan ƙasashen uku suna cikin ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ba biza har kwana 90, amma sai da takardar tafiya mai rai, kamar fasfo, da katin rigakafin shawara, kuma lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. Tafkin Madarunfa na kusa da Maraɗi ya fi duk waɗannan kusa da Katsina, sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, hanyoyin Sahel kuma ba su da tabbas, don haka mai zuwa Mole ta ƙasa gara ya bi ta Legas da Kwatano da Lome zuwa Akara, sannan ya hau arewa, ko da hanyar ta fi tsawo.

Abokan tafiya su ne rabin nasararta, kuma a nan tsarin ayarin fatake na dā yana da abin koyi, domin ba a tashi sai da madugu wanda maganarsa ce ta ƙarshe, da jagaba wanda ya san hanya da masauki, tsarin da ya dace da koyarwar Musulunci ta naɗa shugaba idan mutum uku suka kama tafiya. Mutum huɗu zuwa biyar sun isa, saboda mota ɗaya za ta ɗauke su, kuma taron da ya fi haka korar tsuntsaye yake yi. Ya kamata a tara kuɗin tun da wuri ta hanyar adashi, a damƙa wa ma'aji guda da zai riƙa karanta lissafi kowane dare, a ware wani kaso na ko-ta-kwana da ba a taɓawa sai rashin lafiya ko ɓatan takarda, a kuma yanke tun a gida ko kwana nawa na daji ne, nawa ne na kasuwa da ziyara. Yawancin saɓanin irin wannan tafiya daga nan yake tasowa, idan ɗaya ya zo domin tsuntsu ɗaya kuma domin hoton da zai ɗora a Facebook, sai a wayi gari mai son tsayawa rabin awa a gindin itace ɗaya ya zama abin haushi ga mai son a wuce. Tafiyar da aka ci bashi aka yi, ko aka yi ba da sanin iyaye ba, ba ta cikin abin da ake magana a kai.

A cikin dajin, aikin na farawa daga sallar asuba zuwa hantsi, sannan a koma da la'asar, domin da tsakar rana tsuntsaye na fakewa. Ana sa tufafi marasa ƙyalli, ana magana ƙasa-ƙasa, wanda ya fara hango tsuntsu kuma haƙƙinsa ne ya kwatanta wa sauran reshen da yake kafin ya ɗaga kyamara. A Mole ba a shiga da ƙafa sai da ma'aikacin gandun mai riƙe da bindiga, saboda giwaye, kuma umarninsa ba abin musu ba ne. Ba a matsa wa sheƙa, ba a kuma yawaita kunna kukan tsuntsu a waya domin a jawo shi, saboda hakan na sa namiji ya bar abinci da 'ya'ya ya fito faɗa da abokin gabar da babu shi. Ɗan jagora na wurin ya cancanci a biya shi cikakken ladansa ba tare da dogon ciniki ba, kuma ya cancanci a lura da shi sosai, domin a Gambiya matasa da dama da ke jiran baƙi a gadar Kotu da wannan sana'a suke riƙe da gidajensu, jarinsu kuwa kunne ne da ido da sanin sunaye. Idan Allah ya kawo zaman lafiya aka buɗe Kogo, irin waɗannan mutane za a nema, kuma ba a yin su cikin wata ɗaya.

Abubuwan da ke kai matafiyi ga hukuma sanannu ne. Ba a nuna tabarau ko kyamara wajen bariki ko filin jirgi ko shingen kan iyaka, ba a karɓar saƙon wanda ba a sani ba a tasha, ba a kuma sayo tsuntsu mai rai ko ƙwai ko gashinsa a matsayin tsaraba. Aku mai jar wutsiya, wanda ake sha'awar ajiyewa a gidaje, tun taron yarjejeniyar CITES na 2016 aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, wannan yarjejeniya kuwa ita ce ke tsara fataucin namun daji a duniya, kuma Nijeriya na cikinta. Mataccen tsuntsu ma ba a taɓa shi da hannu saboda murar tsuntsaye, wadda nau'inta na H5N1 ya fara ɓulla a Afirka a Jihar Kaduna a 2006. Idan an ga zobe a ƙafarsa, a ɗauki hoton lambar a aika wa masana, domin da irin waɗannan zobba, da aka fara sanyawa a Denmak a 1899, aka gano hanyoyin da tsuntsaye ke bi.

Tarihin binciken tsuntsayen ƙasar Hausa, kamar yadda yake a rubuce, yawancinsa baƙi ne suka rubuta shi, tun daga Bajamushe Ernst Hartert da ya ratsa Zariya da Kano da Sakkwato a 1885 zuwa 1886, har zuwa Angus Buchanan da ya tashi daga Kano zuwa Azbin a 1920, mafarautan da suka nuna musu hanya kuwa ba kasafai ake samun sunayensu ba. Don haka aikin da ke jiran ayarin bayan ya dawo shi ne ya zauna da jerin da ya rubuto a Mole ko Abuko, ya bi shi jinsi bayan jinsi tare da dattawan da suka san Kogo da Rugu kafin rikici, a ware waɗanda suka tabbatar suna nan a da, da wurin da suke ganin su, da shekarun da suka daina, a rubuta sunan Hausa kusa da sunan kimiyya tare da sunan dattijon da ya ba da bayanin idan ya yarda. Kwafi ɗaya sai a ajiye shi a ɗakin karatun makaranta, ɗaya kuma a aika Amurum.